Gugan da Ke Rataye a Bakin Ƙofa

Ina zaune bayan zana ran kasuwar Illela, da hantsi, wani maƙerin garin Araba yana fama ya gaya mini yadda yake lanƙwasa bakin laujensa, sai na ji kukan jakin Nomau a ƙofar zaure. Kukan jakin nan ba ya ɓata, yana farawa ne kamar tarin tsoho. Na ajiye awartaki na fito ina shirya abin da zan faɗa masa, don ya daɗe a tafiyar Adar, kuma na tanadi tsiya mai kyau. Sai na ga ba shi ke riƙe da igiya ba. Wani Buzu ne ɗan ayarin gishiri, sunansa Agali.

"Kai na Arzika?"

"Ni na."

"Allah ya yi ma abokinka cikawa. Zazzaɓi ya kama shi muna bisa hanyar dawowa. Mun yi mai sutura bakin wata rijiya."

Na yi salati. Na ce wa maƙerin Araba ya dawo wata kasuwa. Na ba jakin ruwa, na sauke kayansa. Akwai tabarma, da buta, da takalman da na sani, da wani baƙin guga na fata wanda ban sani ba. A kan gugan nan nake so in yi muku bayanin sana'armu, ku samarin da ke wucewa kuna cewa aikin Baba Arzika zama ne a inuwa da cin goron mutane. Goron dai ana ci, ban musa ba.

Ga yadda abin yake, tun kafin a haife ni. In mai sana'a ya fito da abin da ba a taɓa yi ba, maƙeri ne ko baduku ko masaƙi, sarkin sana'arsa yana ba shi kaka uku, ba wanda zai kawo irin abin nan kasuwarmu sai shi. Shi kuma zai biya da bakinsa: ya faɗi yadda ake yi, bai rage komai ba, in kaka uku ta cika a yi shela kowa ya koya. Amma kafin sarki ya ba da, sai mutum biyu sun yarda. Ɗaya ana ce masa Ido, shi ke yawon garuruwa ya gano ko abin sabo ne ko kuwa an riga an yi shi wani wuri. Ɗaya ana ce masa Hannu. Ana kafa zana a tsakiyar zaure, mai abu ya zauna can, Hannu ya zauna nan da kayan aiki, ba su ganin juna. Mai abu yana faɗi, Hannu yana yi. In abin ya fito, to an faɗa. In bai fito ba, akwai abin da aka ɓoye. Nomau ne Ido, ni ne Hannu, kuma shi ɗan ƙanwar mahaifina ne, saboda haka tun muna yara ba ma magana sai da tsiya.

Baba Ɗan Ige ne ya koya mana. Ni ya kai ni maƙera na ja zuga-zugi har na iya ƙera hauya, da ya ga na fara gwanancewa sai ya cire ni ya kai ni wurin dukawa. Da basilla ta fara bin hannuna ya cire ni ya kai ni masaƙa. Na yi fushi na ce, "Baba, ko'ina in na hwara iyawa sai ka ɗauke ni." Ya ce abin da yake so ke nan. Hannun da ya cika gwaninta, in mai abu ya tsallake wani wuri, shi zai cike masa ba tare da ya sani ba, a ce an faɗa alhali ba a faɗa ba. Ana son Hannu ya zama kamar kowane mai sana'a na tsaka-tsaki, wanda zai ji shela a kasuwa ya koma gida ya gwada. Nomau ya riƙe wannan magana har tsufanmu. In aka tambaye shi aikina sai ya ce, "Arzika? An horar da shi shekara da shekaru don kada ya iya komi sosai, kuma ya yi nasara."

Shi kuwa an zaɓe shi Ido don ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma abin da ya gani sau ɗaya ya zauna. Wata rana wani mutumin Gidan Katta ya kawo linzami da wani ƙarfe ƙarami a gefe, yana ta huci shi ya ƙago shi. Nomau ya juya shi ya ce, "Wanga na gane shi bakin wani doki gurgu a Ƙonni, shekarar da munka sha ruwan ƙanƙara." Mutumin ya rantse. Aka aika Ƙonni, aka dawo da linzamin da tsatsarsa. Ba ƙarya mutumin ya yi ba, shi ma da kansa ya gano, sai dai an riga shi. Wannan shi ne mafi wuyar faɗa a aikinmu, kuma Nomau yakan faɗe shi ne da dariya, ya raka mutum har bakin hanya.

Kayan aikinmu kun gan su a zauren. Zana ce babba, a canja ta in ta fara ɓulewa, don mai abu in ya ga kafa sai ya leƙo ya ce "ba haka ba", shi ke nan ya ɓata gwaji. Sai ƙaramar uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da basilla iri-iri, da wuƙar fata, da ƙoshiyar saƙa. Sai bangaye biyu. Abin da aka yarda sabo ne, na farkonsa ana rataye shi a bangon dama. Abin da aka gano tsoho ne, a bangon hagu. Baƙi suna son kallon dama. Mu kuwa hagu muke yi wa shara, don shi ke hana mu ba mutum abin da ba nasa ba.

Kuma ba a gama koyo. Kowace kaka, in an ɗaure dawa, masu irin aikinmu na Ƙonni da na wajen Gwadabawa da mu muna haɗuwa gari ɗaya, bana nan baɗi can. Kowa ya zo da jakinsa ɗauke da abin da aka kawo masa a shekarar, a baje a tabarma, a yi ta juyawa ana musu. Wanda ya yi kasala ya ƙi zuwa, sai ya wayi gari ya ba mutum kaka uku a kan abin da mata ke tallarsa a Ƙonni. A wurin ne kuma ake gyara ƙa'ida in ta tsufa. Ni ba na son tafiyar, gwiwata tun da can ba ta son jaki. Nomau yakan ce, "Tashi, tsoho. In ka zamna, zamani ya wuce ka yana sallama kana amsawa."

Shekarar da shanu suka mutu ita ce shekararmu mai wuya. Wanda bai gani ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Fulani suka zauna bakin ruga da sanduna ba abin korawa. Da farko ƙirgi, wato fatar shanu, ya yi yawa har ba mai so, daga baya ya ɓace ƙaf. Dukawa suka koma fatar akuya, kuma sai kowa ya zama mai ƙago abu. Wannan ya kawo takalmi na fatar akuya ya ce sabo ne, wancan ya kawo kube na fatar akuya ya ce sabo ne. Yunwa ce ke magana, mun sani. A zaman kaka na shekarar aka yi musu har muryoyi suka dushe, aka tsaya a kan cewa canja fata ba ƙago abu ba ne, sai in canjin ya tilasta wata dabara da ba a sani ba. Muka dawo muka yi ta mai da mutane gida hannu wofi. Wata biyu ko fiye, in mun bi ta rumfunan dukawa ba mai amsa mana gaisuwa. Nomau yana gaishe su duk da haka, kuma yana amsa wa kansa.

Abin da ya fi damun gari shi ne guga. Da, ƙirgi ɗaya ake yanka a yi guga ba ɗinki. Fatar akuya ba ta isa, sai an haɗa biyu, kuma duk inda aka haɗa nan ruwa ke bi. Rijiyoyinmu kun san zurfinsu. Mace ta ja igiya har kafaɗa ta ƙage, guga ya iso da rabi.

A nan ne Hassi ta Lafani ta shigo. Matar wani baduku ce da ya rasu, ta manyanta, ita ke riƙe da rumfarsa ta kusa da ƙofar kasuwa, inda ayari ke sauka. Dukawa ba su so ba, suna cewa rumfa ta magidanci ce. Sarkin Dukawa yana ta jan ƙafa. Sai ga gugunanta sun fara fita, fata biyu a haɗe, ba sa ɗiga. Sarki ya ce in aka tabbatar ɗinkin nata ne, kaka uku da rumfa duka nata. In ba haka ba, rumfa ta koma hannun Bawa na Gidan Katta, wanda ya daɗe yana nema.

Ta zo zaure da sandarta, ta zauna bayan zana kamar a ɗakinta. Ta faɗa ina yi: a jiƙa fatun biyu, a lanƙwasa bakin wannan cikin bakin wancan, a sa siririn yanki a tsakani, a soka basilla a karkace don kada huji ya fuskanci huji. Na ɗinke, aka cika shi da ruwa, ya yi ta zuba kamar kwando. Nomau yana gefe ya ce, "Inna Hassi, ko dai kin ɓoye wani abu, ko kuwa horon da anka yi ma wanga ya wuce wuri."

"Ban ɓoye komi ba, Malam Nomau. Shi dai ya sake."

Na sake. Ina cikin ɗinki sai ta ce, "Tsaya. Mi kaka tsotsa nan bayan zana?"

"Zare, mana."

"Wa ya ce ka sa shi baki?"

"Ai kowane baduku haka shika yi."

"To ni ba kowane baduku ba ta. Tohe shi."

Ashe nan abin yake. Duk wanda ya taɓa riƙe basilla yana jan zaren fata ta baki ya yi laushi, ba ya ma sanin ya yi. Ita a busasshe take ɗinkawa. Busasshen zare yana shiga siriri, in guga ya shiga rijiya sai ya kumbura ya toshe hujin. Na tambaye ta yadda ta gano. Ta ce cikin azumi ne, bakinta ya bushe, kuma tana tsoron ɗanɗanon fata ya wuce mata maƙogwaro, sai ta ɗinka haka nan tana tsaki. Gugan azumin nan shi ne bai ɗiga ba. Na ɗinka na uku da busasshen zare, muka cika shi muka rataye, ƙasa ta zauna a bushe. Na ce Hannu ya yarda.

Da aka kai gugan gaban Sarkin Dukawa, Bawa ya miƙe ya ce shi ya ga irin ɗinkin nan hannun mutanen Adar, sun daɗe suna yi. Ba za a ce ƙarya yake ba, Bawa mutum ne mai son rumfa amma ba maƙaryaci ba. Nomau ya ce shi bai taɓa gani ba, amma rabonsa da Adar an jima, kuma ba zai yarda a kan abin da bai duba ba. Ayarin gishiri na shirin komawa arewa, ya ɗaura wa jakinsa kaya. Na ce masa ya tsufa da wannan hanya. Ya ce, "Ni in na tsuhwa a bisa hanya, kai ka tsuhwa a bayan zana, wa anka cuta? Ka dai share mini hagu, kada in dawo in iske gizo-gizo ya yi aure ciki."

Abin da ya dawo kun ji shi a farko.

Na zaunar da Agali na ba shi fura, na tambaye shi ko Nomau ya faɗi wani abu a kan gugan. Ya ce mutumin nan bai yi shiru ba tun daga Adar. Ya ba su labarin rowata, ya ba su labarin gwiwata, ya koya musu kukan jakinsa. Amma in aka taɓa maganar guga sai ya ce wannan ta Arzika ce. Haka ƙa'ida take: Ido ba ya faɗin abin da ya gano sai a gaban Hannu, don kada magana ta riga shi isa gida. Ya riƙe ƙa'ida har inda ya tsaya. Agali bai san inda ya sayi gugan ba, bai san hannun wa ba.

Bayan an yi sadaka, Sarkin Dukawa ya zo zaure da Hassi da Bawa. Na warware gefen gugan kaɗan na duba. Baki cikin baki, yanki a tsakani, huji a karkace. Na cika shi, bai ɗiga ba.

Bawa ya ce, "To, ga shi. Daga Adar ya hito, kuma ku dubi tsuhwanshi."

Hassi ta ce, "Nawa na. Bara na sayar ma Buzaye da yawa. Rijiyar arewa wata shida ta ishe ta tsohe da guga."

Duka biyun suna iya zama gaskiya. In Nomau ya iske Adarawa suna ɗinkin tun kakanninsu, zai sayo ɗaya ya kawo shaida. In kuma ya iske na Hassi ne ya yi tafiya, shi ne Bawa ya gani, zai sayo shi ya kawo shaida. Na juya gugan nan har na san kowane tabo a jikinsa. Hassi kanta ta juya shi, ta shinshina, ta ce da a ce tana sa alama da ta gane, amma ba ta sa.

Sarki ya ce, "Arzika, kai kaɗai ka rage. Hwaɗi wani abu mu tashi."

Na san abin da zuciyata ke so, labarin azumin nan ba irin wanda ake ƙagowa ba ne. Amma mai linzami ma da kansa ya gano nasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu ya san ɗinkin ɗaya na. Wanda ya riga wani, wannan aikin ido na, kuma ni ban tahi ba."

Sarki ya yanke: ba kaka uku, ba shela, rumfa ta zauna hannun Hassi har a ji daga Adar. Bawa ya ce shi zai tafi da kansa. Aka ce mai ƙara ba ya zama Ido.

Tun da ba a hana kowa ba, dukawa suka sayi gugunanta suka warware suka kwaikwaya. Baki cikin baki, yanki, karkata, duk sun gani. Suka ja zare ta baki suka ɗinka, ya yi ta zuba. Bawa ya tare ni sau da yawa da goro. Nakan ci goron in ce abin da aka ji bayan zana sai ranar shela. Kaka uku ta wuce haka, ayari na sauka ƙofar Hassi. Ran kasuwar da ta biyo bayan kaka ta uku, sai ta buga sandarta a gaban rumfa ta tara dukawa. Ta ce, "Ba a ba ni ba, amma na ci. Ku zo in biya." Ta ɗaga zare ta ce, "Ku bar tsotsa." Aka yi dariya har da Bawa, wanda ya dafe kai ya zauna ƙasa. Shi ya sa nake iya rubuta muku shi yanzu.

Na ɗauka magana ta ƙare, tun da rumfa ba wanda ya sake tayar da ita. Amma duk ran kasuwa in ta tashi komawa Lafani sai ta tsaya ƙofar zaure.

"Malam Arzika, an tahi?"

"Ba a tahi ba, Inna."

"Ni ba rumhwa nika tambaya ba. So nike in sani ko ni na hwara. In na Adar na, ka sa shi hagu, ba ni jin haushi. Amma in sani kahin in bi Malam Nomau."

Mutanen Lafani suna ce masa ɗinkin Hassi, mutanen Gidan Katta suna cewa ɗinkin Adar. A zaman kaka na bara na kai maganar, na Ƙonni ya ce Idonsu ma ya tsufa, ba ya wuce rabin yini. Ni gwiwata ba ta kai ni ko Araba yanzu. Cikinku waɗanda suka zo neman koyo, duk wanda na tambaya sai ya ce Hannu yake so. Hannu akwai shi, ga ni. Ido ake nema, mai ƙafa, wanda zai zauna da tsofaffin dukawan Adar ya tambaye su wa ya koya musu, kuma ya riƙe bakinsa har gida. Ayari yana tashi in an gama girbi. Jakin yana nan, ya san hanya.

Gugan na rataye shi a bakin ƙofa, ban kai shi dama ba, ban kai shi hagu ba. Adar ba a tafi ba tukuna.